Gwangwani ɗaya kala biyu, sten ɗin dek ɗin nan ya tayar min da hankali

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku tsaya in kawo kyamarar kusa don Allah, akwai abin da nake so ku gani da idonku. Kun ga guntayen katakon nan biyu? Wallahi daga gwangwani ɗaya na shafa musu sten, wato ruwan kalar da ake shafa wa katako ya shiga jikinsa, buroshi ɗaya, lokaci ɗaya, amma ku duba, wannan ya fito ruwan zuma mai haske har da ɗan kore-kore a ƙarƙashi, wannan kuwa ya yi duhu sosai ya kusa komawa baƙi. Kuma abin haushin, babu ko ɗaya da ya yi kama da kalar da ke jikin ɗan katin da suke nuna maka lokacin saye. Da mutum zai biye wa katin nan ya shafe dek ɗinsa gaba ɗaya, ai ratsi-ratsi zai tashi da shi, kuma sten in ya shiga katako fitar da shi ba ƙaramin aiki ba ne.

Ga wanda bai sani ba, dek shi ne wannan dandamalin katakon da ake yi a bayan gida a nan Amurka, inda ake zama shan iska. Nawa tsoho ne, a gidan na tarar da shi, katakan wajen matakala duk sun ruɓe saboda ƙanƙara da ruwan da ke kwanciya a kansu, sai na ciccire su na sa sababbi. Ni da kaina fa, da hannun nan, ku duba yadda layin ya miƙe, ko maƙwabcina sai da ya leƙo ta katanga yana tambaya wane kafinta na kira. Kuɗin da wani ya ce zai karɓa a kan aikin nan kuwa, ku bar shi kawai.

To me ya kawo kala biyu? Guntayen nan ɗaya tsohon katakon dek ɗin ne, ɗaya sabo. Tsohon katako ya sha rana shekara da shekaru, hasken rana yana cinye wani sinadari a jikinsa da ake kira lignin, shi ya sa yake komawa ruwan toka, samansa ya bushe ya yi ƙofofi. Kana ɗora masa sten zai shanye kamar busasshiyar ƙasa ta samu ruwan farko, duk kalar ta shige ciki sai ya yi duhu. Sabon kuwa a ƙoshe yake, an matsa masa maganin hana ruɓewa da ƙarfin inji, maganin akwai jan ƙarfe a ciki, shi ne koren da kuke gani, kuma yana zuwa da laima a cikinsa ga samansa da santsin injin yanka. Ina sten zai samu hanyar shiga? Sai ya tsaya a sama ya yi fari-fari.

Shi ya sa nake gargaɗinku, kar ku yi gaggawar shafa wa sabon katako komai. Ku ɗiga masa ruwa ku tsaya ku gani, in ruwan ya dunƙule ya zauna a kai to bai shirya ba, in ya shanye cikin 'yan mintuna to an zo wajen. Masu ɗan injin awon laima suna jira sai ya sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100. Wannan jiran yana iya ɗaukar makonni ko ma watanni, ya danganta da yanayi, kuma nan ne nake kewar rana mai zafi wallahi, don a nan sai ka ga hadari ya rufe sama kwana da kwanaki katako ya ƙi bushewa. Akwai wani irin da ake busarwa a inji bayan an sa maganin, za ku ga an buga KDAT a jikinsa, shi ba ya buƙatar dogon jira, sai dai ya fi tsada.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne shawarar da wani ya ba ni, wai in sayi sten mai kaurin nan da ke rufe komai kamar fenti in huta. E, zai rufe bambancin, ban musa ba. Amma zanen jikin katakon fa? Ni saboda zanen nan nake son katako, in zan rufe shi ruf to me ya sa na wahalar da kaina. Sannan mai kauri a inda ake takawa kullum, ga ruwa ga ƙanƙara, ɓarewa yake yi falle-falle, ranar da za ka sake shafawa sai ka kankare tsohon tukuna. Mai shara-shara sosai shi ma ba zai yi ba a irin halin da nake ciki, don shi ne ya ba ni kala biyun nan. Na tsakiya nake nema, mai ɗan nauyin kala amma ana hango zanen, kuma kalar ta ɗan fi tsohon katakon duhu, saboda sabo za ka iya ƙara masa duhu ya kamo tsoho amma tsoho ba ya komawa haske da sten. Kar kuma ku zarce da duhun, baƙin dek da rana yana ɗaukar zafi, yara suna fita ba takalmi.

Babban aikin ma ba a zaɓen kala yake ba, a gyaran katakon ne kafin a buɗe gwangwani. Tsohon sai an wanke shi da hodar wankin dek mai sodiyam fakabonet, ta cire datti da gansakuka da tokar nan ta sama, sannan a bi shi da okzalik asid ya dawo da haskensa. Sabon ma a wanke shi, a ɗan goge da samfefa mai lamba 60 ko 80 don santsin ya tafi ya iya sha. Ka ga kenan an jawo tsoho ya matso, an jawo sabo ya matso, sun haɗu a tsakiya. In za ku yi amfani da injin feshin ruwa mai ƙarfi kar ku kai bakinsa kusa, yana tayar da gashin katako ya bar shi da sartse.

Af, ga wani abu mai muhimmanci kafin in manta. In dek ɗinku an yi shi kafin 2004, akwai yiwuwar katakon mai maganin CCA ne, akwai gubar asenik a ciki, a ƙarshen 2003 aka daina sa shi a katakon gidaje a nan ƙasar. Irin wannan ni ba zan ce ku sa masa samfefa ba, wanki kawai, kuma guntayen da kuka cire kar ku kuskura ku ƙona su, hayaƙin da tokar duk guba ne. Haka tsummokaran da kuka goge sten mai mai da su, kar a tara su a dunƙule a gareji, suna iya kama wuta da kansu, a shanya su a waje ɗaya bayan ɗaya ko a jiƙa su a bokitin ruwa.

Yanzu abin da zan yi, zan wanke guntun tsohon nan in goge sabon, in sake gwada su gefe da gefe, in bar su su bushe tsaf sannan in duba da safe in duba da yamma, don sten jiƙaƙƙe da busasshe ba kala ɗaya ba ne. In sabon ya ci gaba da haske zan ƙara masa shafi na biyu siriri shi kaɗai. Gwangwanayen kuma duk zan juye su a bokiti ɗaya in gauraya, saboda ko suna ɗaya ne akan samu ɗan bambanci tsakaninsu. Shafawa katako biyu ko uku a lokaci guda, daga wannan ƙarshen har wancan ba tsayawa a tsakiya, ba cikin tsakar rana ba, zafi tsakanin 50 da 90 a ma'aunin Farenhait da suke amfani da shi a nan, kuma sai na ga hasashen yanayi ya ba ni kwana biyu babu ruwa. In an gama zan ɗauko muku ku gani in sha Allah.