Murnau, daraktan da ya kwance wa kyamara mari

A zamanin da fim bai fara magana ba, idan darakta yana son ɗan kallo ya san abin da ke cikin zuciyar jarumi, sai ya katse hoto ya sanya allon rubutu. Friedrich Wilhelm Murnau, Bajamushen da aka haifa a garin Bielefeld a shekarar 1888, ya nuna cewa kyamara kaɗai za ta iya ɗaukar wannan nauyi.

Yawancin mutane sun san shi ne da fim ɗin tsoro na Nosferatu na 1922, amma ainihin gwanintarsa ta fi bayyana a Der letzte Mann, wanda kamfanin UFA ya fitar a 1924. Labarin wani dattijo ne mai tsaron ƙofar babban otal a Berlin, wanda duk ƙimarsa a unguwa ta rataya a kan rigar aikinsa mai maɓallai masu ƙyalli. Da ƙarfinsa ya ragu, sai aka karɓe rigar, aka mayar da shi kula da banɗaki. Emil Jannings, wanda ya fito a matsayin dattijon, bai buƙaci kalma ko ɗaya ba, domin yadda kafaɗunsa suka zube a lokacin da ake tuɓe masa rigar ya isa bayani.

Abin da ya girgiza masu sana'ar shi ne motsin kyamara. A wancan lokacin yawanci girke ta ake yi wuri ɗaya, amma Murnau da mai ɗaukar hoto Karl Freund suka sauko da ita a cikin lifta, suka ratsa harabar otal da ita, kuma a inda dattijon ya bugu, Freund ya ɗaura ta a ƙirjinsa yana tangaɗi, har ɗan kallo ya ga ɗakin yana juyawa. Allon bayani guda ɗaya tak ya katse fim ɗin, kuma shi ne ya shigo da ƙarshen farin ciki, inda dattijon ya gaji dukiyar wani attajiri. Gaskiya wannan ƙarshe bai kai sauran labarin nauyi ba.

William Fox, mai kamfanin shirya fina-finai na Fox, ya gayyaci Murnau zuwa Amurka, inda ya yi Sunrise a 1927, fim ɗin da ya sami kyaututtuka uku a bikin Oscar na farko a 1929. Murnau ya rasu sakamakon haɗarin mota kusa da Santa Barbara a watan Maris na 1931, yana da shekara 42, kusan mako guda kafin a fara nuna fim ɗinsa na ƙarshe, Tabu.

Darakta Alfred Hitchcock, wanda ya kalle shi yana aiki a UFA tun yana matashi, ya sha bayyana cewa a Jamus ya koyi ba da labari da hoto zalla, kuma ana ganin tasirin hasken Sunrise da motsin kyamararsa a fim ɗin Four Sons na darakta John Ford, wanda ya fito a 1928.