Tsohon da ya ƙwace min sanda sau uku a Sebu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku tsaya in matso da hannuna kusa da kyamara, kun ga wannan yatsan? Wannan na tsakiyan, kun ga yadda ya kumbura ya yi suntum? To ba ƙofa ce ta datse ni ba, ba kuma daga kan babur na faɗo ba, wani tsoho ne mai koyar da wasan sanda da ake kira arnis, da na tabbata ya girmi babana ya yi min wannan aikin da safen nan, da wata 'yar siririyar sanda wadda in a gida ne ko akuya ba za ka tsaya kora da ita ba, kuma abin haushin yana yi yana dariya, haƙoran ma ba su cika bakin ba.

Ga sabbin zuwa, ina magana ne daga birnin Sebu a ƙasar Filifin, karatu ya kawo ni, shekarata ta uku ke nan. Kuma abin da ya kai ni ga wannan tsohon ba komai ba ne illa tumbi. E, tumbi, kar ku yi min dariya. Mutanen nan shinkafa suke ci da safe, shinkafa da rana, shinkafa da dare, wasu gidajen abincin ma in ka biya sau ɗaya sai su yi ta ƙara maka shinkafa har sai ka ce ya isa, ni kuma ɗan Kano da aka yi wa tarbiyyar ba a barin abinci a kwano, sai na wayi gari wandunan da na zo da su duk sun ƙi rufuwa. Ga zaman aji tun safe har yamma, ga zaman karatu da dare. Ranar da abin ya ishe ni, bene hawa uku kawai na hau na tsaya ina haki kamar wanda kare ya biyo, wata 'yar ajinmu ta wuce ni tana tambaya ko lafiya. Na je na yi rajistar jim, wato gidan motsa jiki, na biya kuɗin wata guda sama da feso dubu, na je sau huɗu na daina, don ni gaskiya gudu a kan injin da ba ya kai ka ko'ina ba ya shiga kaina.

To wata Lahadi bayan asuba na fita yawo a wani fili kusa da unguwarmu, sai na ji ƙara, kas kas kas kas, a jere kamar mata na lugude a turmi. Na leƙa na ga mutane sun kai goma sha biyar, yara da 'yan mata da tsofaffi, kowa da sanduna biyu a hannu suna bugawa da juna. Na tsaya ina kallo ina murmushi irin na raini, a raina ina cewa wannan ai wasan yara ne, mu da muka taso muna ganin sandar Fulani da gorar mafarauta, mu da muka ga shaɗi da idonmu inda ake zabga wa saurayi bulala yana riƙe da madubi yana dariya. Ashe tsohon ya lura da ni. Ya yafito ni ya ce "Dong, zo", haka suke kiran saurayi a nan, Dong, kamar mu ce samari ko ɗan nan, ni kuma nake ce masa Manong, wato kamar babban yaya ko baba. Ya miƙo min sanda ɗaya ya ce in doke shi. Na ce haba Manong, ni ba na dukan babba. Ya ce doke ni dai. Na ɗaga na kawo a hankali, wallahi ban san abin da ya faru ba, kawai na ga sandar a hannunsa ni kuma hannuna wayam. Na ce a sake, wannan karon na riƙe da ƙarfi na kawo da gaske, sai ga sanda can ƙasa tana gangarawa. Karo na uku har da ni kaina ya juya, na samu hannuna a bayana ina kallon wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba tana rufe baki tana dariya. Ranar na san girman jiki daban, iyawa daban.

Wata huɗu ke nan yanzu ban fasa zuwa ba, sau uku a sati.

Sunan abin arnis, amma a nan Sebu an fi cewa eskrima, a waje kuma musamman Amurka za ka ji suna cewa kali, duk kusan abu ɗaya ne. Eskrima daga kalmar Sifaniyanci ta fito mai nufin wasan takobi, don Sifaniyawa sun mulki ƙasar nan sama da shekara 300, daga 1565 har 1898, shi ya sa ko ƙirgen da muke yi a wajen atisaye uno dos tres ne. Kuma kar ku ɗauka wasan unguwa ne kamar yadda na ɗauka, doka guda aka yi a kansa, a 2009 shugabar ƙasa ta lokacin Gloria Arroyo ta sa hannu ya zama wasan ƙasa a hukumance, ana koyar da shi a makarantu, da suka karɓi baƙuncin wasannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a 2019 har da shi aka yi gasa. Nan fa na yi shiru ina tunanin dambenmu da kokawa, abin da muke da shi tun kaka da kakanni, amma yaron da ya ce zai koyi dambe sai a ce ya lalace. Bari dai in bar wannan maganar kar in ɓata wa kaina rai da safe.

Sandar ga ta nan, ku gani. Ratan ce, irin abin da ake saƙa kujeru da shi, tsawonta wajen inci 28, ba ta da nauyi ko kaɗan, na sayi biyu a kan abin da bai kai feso ɗari uku ba, wato ko kuɗin cin abinci sau biyu a waje bai kai ba. Dalilin da ya sa suke amfani da ita, in ta gaji ba ta karyewa ta yi tsini ta soke ka, sai dai ta tarwatse ta zama zare-zare kamar tsohuwar tsintsiya. In ana bugu da sauri har wani ƙauri take yi kamar ana ƙona kara, ranar farko na yi ta waige ina neman inda wuta ta kama. Kuma abin da Manong ya fara faɗa min shi ne, kar ka kalle ta a matsayin sanda, ka ɗauka adda ce. Duk motsin da ake koya maka da ita na wuƙa da takobi ne, sandar don kar a yanka juna ne kawai. Shi ya sa su a wurinsu da makami ake farawa, hannu tsura sai daga baya, saɓanin su karate da muka saba gani.

Abin da ya fi kama ni shi ne wanda suke kira sinawali, wannan lugude da na ji ranar farko. Sanda biyu, kai da abokinka kuna fuskantar juna, dama hagu dama, sama ƙasa sama, hannuwa suna shiga ƙarƙashin juna suna fita. Sunan daga sawali ya zo, wato saƙaƙƙen gora da suke yin bangon ɗaki da shi a ƙauyukansu, da aka yi min bayani na ce to ai zana ke nan, saƙar zana da sanda. Minti uku kacal na yi a karon farko, kafaɗuna suka ɗau wuta, damtsena ya yi tauri, washegari ko buta na ɗaga sai na ji a wuyan hannu. Sai kuma hagu. Jama'a ashe hannun hagunmu marayu ne, tun muna yara in ka miƙa hagu a doke hannun, ba ka ci da shi ba ka karɓa da shi, to a nan dole ya yi aiki daidai da dama, nawa kuwa sai ka ce na aro ne, in ce masa tafi sama ya tafi ƙasa. Sati uku na yi kafin ya fara jin magana.

Kuma ba hannu kaɗai ba ne, nan ne mutane ba su gane ba. Ƙafa ce ke wahala. Akwai wani taku da ake yi mai kusurwa uku, ka zana alwatika a ƙasa ka yi ta shiga kana fita ta gefe gwiwa a ɗan lanƙwashe, don ba a tsayawa a gaban bugu, kaucewa ake yi. Ka haɗa wannan da kusurwoyin bugu goma sha biyu da ake haddacewa, na ɗaya gefen kai ta nan, na biyu ta can, har zuwa gwiwa da tsakar ka, ga zafin garin nan mai ɗanko wanda ko a tsaye kake gumi kake, awa ɗaya sai ka matse riga ruwa na zuba. Amma ba ka jin lokacin na tafiya, don in hankalinka ya tafi wani wuri daƙiƙa ɗaya sanda ce za ta dawo da shi. A jim ina gudu ina tunanin jarrabawa da kuɗin haya da canjin dala, a nan kuwa kaina fayau.

Sakamako? To ba yabon kai ba, bel ɗina sau biyu ina kai shi ana ƙara masa huda, benen nan hawa uku yanzu da gudu nake hawa ina waya. Amma in ƙirji kake so da manyan damatsa irin na masu gadin mawaƙa, ba nan ba ne, je ka ɗaga ƙarfe. Manong kansa in ka gan shi a kasuwa sai ka ce iska za ta ɗauke shi.

Garin nan kuwa cibiyar abin ne, ni da na zauna shekara biyu a ciki ban sani ba. A nan aka kafa ƙungiyar Doce Pares a 1932, har yau tana nan, mutane daga Turai da Amurka suna biyan kuɗin jirgi su zo koyo. A nan kuma salon Balintawak ya fito, sunan wani ɗan titi ne a cikin gari inda wani gwani mai suna Anciong Bacon ya riƙa koyarwa a bayan shagon gyaran agogo, shi ma ɗan ƙaramin mutum ne, salonsa na kusa da kusa ne da sanda ɗaya. In ka tsallaka gada kuma ka shiga tsibirin Maktan, nan ne Lapu-Lapu da mutanensa suka kashe Magellan a 1521, na je na ga gunkinsa riƙe da takobi da garkuwa. Kowane ɗan eskrima a nan in ka zauna da shi minti biyar sai ya jawo maka Lapu-Lapu, kamar yadda Bazazzagi ba ya gama hira bai ambaci Sarauniya Amina ba.

Af, na manta ban ba ku labarin Umma ba. Na tura wa ƙanwata bidiyo ina sinawali, ita kuma uwar iyayi ta kai mata. Sai ga waya, ko gaisuwa ba ta gama amsawa ba ta ce "Wato karatu aka tura ka ko daba?" Na ce Umma motsa jiki ne fa, ta ce motsa jiki da gora? Sai da na nuna mata tsofaffin mata da ke cikinmu tukuna ta ce to Allah ya kyauta, amma kar in kuskura in dawo mata gida da sanda. Muryar nan tata ta sa ni kewar gida ranar, na kwana ina tunanin tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, nan kuwa ko naman kirki sai ka yi tafiya ka nemo na halal wajen 'yan uwa Musulmi 'yan Mindanao, don garin nan alade ne abin alfaharinsu, kowane biki sai an gasa shi sukutum.

Yanzu wanda zai gwada, ku ji daga bakin wanda ya sha. Kar ka yi irin wautata ka je ka sayi kamagong tun farko. Wani baƙin katako ne mai nauyi da kyan gani, na gan shi na ce wannan ce sandar maza, na yi kwana biyu ina juyawa a ɗaki, wuyan hannuna ya yi sati biyu yana min ciwo, ga jarrabawa ina rubutu da ƙyar. Manong da ya gani ya girgiza kai kawai. Kar kuma ka ce daga YouTube za ka koya kai da abokinka ba mai kula da ku, ido guda biyu ne kawai gare ka. Masu gasa da kuke gani suna dukan juna da gaske, hular ƙarfe ce a kansu da riga mai kauri da safar hannu. In ka san kana da hawan jini ko ciwon kafaɗa, fara ganin likita, wannan kam a matsayina na ɗalibin lafiya nake faɗa. Kuma don Allah samarinmu, wanda ya koyi bugu uku kar ya je ya tsaya wa mai wuƙa don an ce a ba da waya, Manong da ya shekara kusan hamsin yana wannan abu cewa ya yi in ya ga wuƙa a titi gudu zai yi.

Shi kuma yatsan nan, laifina ne. Suna da wata dabara, maimakon ka tare sandar mutum sai ka doki hannun da ke riƙe da ita, suna ce mata cire wa maciji haƙori. Kullum yana ce min Dong hannunka a waje yake, Dong mayar da hannunka, yau na ɗan ji kaina na fara sauri har ina waigen ko sababbin ɗalibai suna kallona, sai ji na yi tas. A hankali ma ya taɓa ni wai. Bari in je in nemi ƙanƙara a shagon ƙasa in ɗora, ga hadari ya haɗo kuma ina da aji ƙarfe goma, in na makara jifni, wato motar hayarsu, cika take yi sai dai in hau habal-habal, wato acaɓarsu, kuma da wannan yatsan ban san da me zan riƙe ba. Sai mun haɗu Laraba in Allah ya kai mu, zan roƙi Manong ko zai yarda in ɗauke shi yana ƙwace min sandar a hankali ku gani.