Kashe kwamfuta daga nesa: yadda za ka ba da izini a Windows

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da warhaka. Duk mai kula da ɗakin kwamfuta ya san wahalar bin su ɗaya bayan ɗaya idan lokacin tashi ya yi. Yau daga kujera za mu kashe su.

Ga kwamfuta biyu a gabana, layi ɗaya, wato network, ya haɗa su. Ta hagun sunanta PC2. A kan ta dama, cikin Command Prompt, wurin rubuta umarni, na rubuta shutdown /s /m \\PC2 /t 60, wato PC2 ta kashe kanta bayan daƙiƙa 60. Kun ga amsar? Access is denied, wato an hana ni, ga lamba 5 a gefe. Lafiyarta ƙalau, ba ta san ni ba ne kawai.

To mu koma kan PC2, can aikin yake. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta secpol.msc. Mai Windows Home, kada ka wahalar da kanka, babu shi a ciki. Shiga Local Policies, sai User Rights Assignment, ka gangara har ka ga Force shutdown from a remote system. Buɗe shi. Administrators za ka tarar. In wani za ka ƙara, sa sunansa shi kaɗai. Na ga masu saka Everyone don gudun wahala. Don Allah a bari! Yaro ɗaya mai ƙiriniya ya isa ya kashe wa aji duka ana tsakiyar jarrabawa.

A Firewall na PC2 kuma, mai tace saƙonnin layi, a kunna File and Printer Sharing, saƙon ta ƙofa (port) 445 yake bi. Sunan asusu da kalmar sirri su zama iri ɗaya a kan duka biyun.

Har yanzu ta ƙi? Nan mutane ke gajiya. Tun daga Vista, Windows na rage wa asusun shugaba, wato Administrator, ƙarfi in ta layi ya shigo. A kan PC2, danna Windows da R, rubuta regedit, bi HKEY_LOCAL_MACHINE, SOFTWARE, Microsoft, Windows, CurrentVersion, Policies, System. Ƙirƙiri DWORD mai suna LocalAccountTokenFilterPolicy, ka ba shi 1. Amma fa ƙofa ce ka buɗe, in kalmar sirrinka 1234 ce, canza ta tukuna.

Mu sake gwadawa. Yauwa, ga gargaɗin ya fito a PC2. In ka fasa, shutdown /a /m \\PC2. Kuma ka sani, muddin ka sa daƙiƙoƙi bayan /t, da ƙarfi za ta rufe komai, ba za ta jira mai rubutu ya adana aikinsa ba. Sai ka leƙa ka gaya masa kafin ka danna.