Garin Pullman da Yaran Kalifoniya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a, ƙwallon da zan yi magana a kanta yau ita ce ta Amurka, mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a yi gudu da ita. Jami'o'i na buga ta, kowace tana cikin rukuninta, kuma rukunin ne ke sayar wa gidajen talabijin wasanni ya raba kuɗin.

Mu ɗauki Jami'ar Washington State. Tana Pullman, ɗan ƙaramin gari a tsakiyar gonakin alkama. Babban filin jirgin da ya fi kusa yana Spokane, kimanin kilomita 120. Yankin ba shi da yawan jama'ar da za su cika ƙungiya, dole mai horarwa ya fita neman yara, galibi a Kalifoniya.

To me yake faɗa in ya zauna a falon uwar yaro a Los Angeles? Ku saurara da kyau, nan ne zancen yake. A da yakan ce mata, ɗanki zai yi nisa, amma rukuninmu na Pac-12 yana da jami'o'i huɗu a jiharku: USC, UCLA, Stanford da Cal. Kusan kowace shekara za mu zo, ki shiga mota ki gan shi da idonki. Wannan alkawarin shi ne jarinsu.

A 2022 USC da UCLA suka ce za su koma rukunin Big Ten, inda kuɗin talabijin ya fi tsoka. A 2023 wasu takwas suka watse zuwa Big Ten da Big 12 da ACC. Cikin 12 saura biyu, Washington State da Oregon State.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran da 'yan Washington State suka rena da hannunsu. Cam Ward ya zo musu daga wata ƙaramar jami'a a Texas, ya yi shekara biyu, ya tafi Jami'ar Miami, kuma a 2025 shi aka fara ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na NFL, gasar ƙwararru. John Mateer da ya gaje shi ya koma Jami'ar Oklahoma. Mai horarwa Jake Dickert ma ya tafi Jami'ar Wake Forest. Ban ga laifin yaran ba. Tun 2021 an halatta musu samun kuɗi da sunansu, kuma sauya makaranta ya yi sauƙi. Amma a yi noma a Pullman a yi girbi a wani wuri, wannan akwai ciwo.

An sake haɗa Pac-12 daga 2026 da Boise State, Colorado State, Utah State, Texas State, Fresno State da San Diego State. Biyun ƙarshen nan na fi sa wa ido, domin a Kalifoniya suke. Mai horarwa zai sake iya ce wa uwa za mu zo. Sai dai ita yanzu za ta tambaye shi nawa za a ba ɗanta.