Darasi: Taurarin Fim da Baƙin Kwali da Allura

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Samaru. Yau taurarin sama za mu yi, waɗanda za su zauna bayan kumbon sararin samaniya da muka haɗa wancan makon.

Ga baƙin kwali, a kasuwar Sabon Gari na sayo. Fitila a bayansa, kyamara a kafe, wannan kun sani.

To, huda. Nan na sha wuya. Kada ka ɗauki allura ɗaya ka yi ta jera ramuka kamar mai shukar gero. Ɗauki siririya, da ta keken ɗinki, da ƙusa... a'a, ƙusar nan ta yi kauri, miƙo min fil. Ƙanana su fi yawa, manya 'yan kaɗan. Wani wurin ka cunkusa su kamar Kaza da 'Ya'yanta, wani wurin ka bar shi wayam. In ramin ya yi gashi, goge bayan da yatsa, in ba haka ba sai tauraron ya fito da gemu.

Liƙa guntun leda mai launi a bayan wasu ramukan. Ku lura, shuɗin tauraro ya fi ja zafi. Ranarmu tana tsakiya, zafin fuskarta wajen digiri 5,500 a ma'aunin Celsius. Ni dai na fi son ruwan lemo, yana kyau a kyamara.

A fim ɗina na farko, ƙanena na sa yana kaɗa hannu gaban fitila wai taurarin su riƙa ƙyaftawa. Wani malaminmu na kimiyya ya kalla, ya yi dariya har da hawaye. Ashe iskar da ta lulluɓe duniya ce ke karkata hasken, shi ya sa muke ganin ƙyaftawa. Can sama babu iska, tauraro ƙyam yake. In jaruminka yana kan dutsen Kufena yana kallon sama, kaɗa hannunka. In yana cikin kumbo, rungume hannunka. Ko Zara da wuya ka ga ta ƙyafta, don ita duniya ce irin tamu.

Ku duba hotunan saukar wata na 1969, sama baƙi ƙirin, don an saita kyamara da ƙasa mai haske. Saboda haka in kumbonka ya sha fitila, rage taurarin sosai.

Ajinmu na Asabar akwai sauran gurbi, allura kyauta ce. Yauwa, kashe fitilar ɗakin mu gani. Kai, wancan na kusurwa ya yi girma, kawo salatif.