Babur Mai Bugu Biyu Ya Ƙi Tashi: Daga Ina Za a Fara?

Assalamu alaikum. Samari, ku matso kusa, don abin da zan nuna ƙanana ne, wanda ke baya ba zai gani ba.

Wannan da ke gabanmu Yamaha DT ne, irin wanda malaman gona da ma'aikatan rigakafi suka daɗe suna ratsa yashi da burji da shi. Kakansa shi ne DT-1 da aka fitar a Japan a 1968, kuma abokin tafiyarsa Suzuki TS ne. Dukkansu masu bugu biyu ne. Fistin ya hau ya sauka sau ɗaya, wuta ta tashi sau ɗaya. Babu bawul a samansa, babu baƙin mai kwance a ƙasan inji kamar na babur ɗin acaɓa da kuka saba gyarawa. Ku riƙe wannan, don nan za mu dawo.

In an kawo maka shi ya ƙi tashi, kada hannunka ya fara zuwa kan kafireta. Na sani, kowa can yake fara rugawa. Fara da fulogi. Kwance shi ka dube shi da kyau, shi ne zai gaya maka abin da ke faruwa a ciki. In bakinsa ruwan ƙasa ne kamar shayi da madara, lafiya lau. In baƙi ne jiƙe da mai, fetur ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. In fari ne fat kamar toka, to gabanka ya faɗi, injin yana shan iska fiye da kima. Mayar da fulogin cikin hularsa, ɗora jikinsa a kan ƙarfen inji, ka buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara "tas" muke nema. Ja-ja mai sanyin jiki tana iya bayyana a waje, amma a cikin inji, inda iska ta matsu, ba za ta kama ba. Tazarar bakin fulogi kamar milimita 0.7 ce. Yawancin waɗannan babura NGK mai lamba 8 suke ɗauka, irin B8ES, kuma a lissafin NGK duk sanda lamba ta hau, fulogin ya fi sanyi.

Babu wuta sam? Kafin ka ce koyil ya mutu ko CDI, akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, ta ƙone, cire wayar makunnin kashe inji ka sake gwadawa. Ruwan damina da tsatsa sukan haɗa wayar nan da jikin babur, ta riƙa kashe wutar. Tsofaffin baburan da ke da kwantak maimakon CDI, a goge bakinsa a saita shi tsakanin milimita 0.3 da 0.4.

Sai fetur. Zare tiyo daga kafireta, buɗe famfon tanki, ka ga ko yana zuba sosai ko ɗiga yake yi. Ga dabara mai sauƙi: ɗiga fetur kaɗan a ramin fulogi, ɗaura, buga. In ya tashi ya yi "rin-din-din" ya mutu, wuta da matsi suna nan, mai ne ba ya isowa. Yanzu ne ka samu izinin kwance kafireta. Ƙaramin jet, na silo, shi ne ke tada inji, kuma ƙofarsa ba ta fi kan allura ba. Babur da ya yi wata uku a jingine, fetur ya bushe ya bar danƙo a nan. Ɗaga shi sama ka hango haske ta ciki. A wanke, a hura iska. Don Allah kada a soka masa waya, za ta faɗaɗa ramin, daga nan ba za ka sake samun saiti ba. In kuma akasin haka ne, mai ya cika shi, rufe famfo, cire fulogi, kashe makunni, murɗa totur har ƙarshe, ka yi ta bugawa har ya amayar. Soson iyakilina kuwa, a lokacin hunturu ƙura na toshe shi cikin 'yan kwanaki. A wanke, a shanya, a shafa masa mai kaɗan.

Matsi: in kik yana tafiya sakayau kamar ba komai a ƙarƙashinsa, rin ya cinye. Da ma'auni, in ya gaza 100 psi (ma'aunin matsin iska), da wuya ya tashi da sanyin safiya.

To, ga inda nake so mu zauna. Na ce muku babu baƙin mai a ƙasan wannan inji. Ɗakin da karanshaf ke juyawa shi ne huhunsa. Fistin in ya hau, yana zuƙo fetur da iska zuwa ƙasa; in ya sauko, yana matsa su su bi ta ƙofofin gefe su hau sama. Saboda haka dole ɗakin nan ya kasance a rufe ruf. Abin da ke rufe shi oyil sil ne guda biyu, roba kawai, ɗaya ta gefen maganeto, ɗaya ta gefen kuloci. Roba mai shekara 30 ta bushe ta tsage. Ga guda a hannuna, ku zagaya da ita, ku taɓa leɓenta ku ji yadda ta yi tauri kamar busasshiyar fata.

Na gefen kuloci in ya lalace, injin zai riƙa tsotsar man giya, wanda ke can ɗakinsa daban. Hayaƙi fari mai kauri da wani irin wari, fulogi na mutuwa kullum, man giya na raguwa ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba. Wannan mai sauƙi ne, yana nuna kansa. Na gefen maganeto shi ne mugun. Iska zalla yake shigarwa. Ka saki totur, inji ya ƙi saukowa, yana ta ihu shi kaɗai. Da safe ya wahalar, da rana ya yi zafi.

Abin ya taɓa faruwa a hannuna, kuma har yau yana damuna. Wani malamin gona ya kawo mini DT ɗinsa da wannan ciwo. Sau uku ina kwance kafireta, ina murɗa sukurun iska, har na samu ya lafa, na ce masa ya tafi. Kwana biyu bayan nan fistin ya kama masa a tsakiyar daji, ya turo babur cikin rana har bakin titi. Da na cire maganeto, sai ga bayansa jiƙe da mai ya haɗu da ƙura. Alamar tana nan tun ranar farko, ban duba ba. Robar da ba ta kai kuɗin fulogi biyu ba ta jawo masa sabon fistin da gyaran bulok.

Gwajin ba wuya. Inji na silo, fesa ɗan man wanke kafireta a wuyan kafireta da gindin bulok. In ƙarar ta canza, nan iska ke shiga. Na sil kuwa, a toshe mashigar mai da ta salansa, a hura iska kamar 6 psi, a jira minti biyar a ga ko allurar ma'auni za ta sauka. Kuma ka kama maganeto ka girgiza. In yana motsi sama da ƙasa, boris ya tafi, sabon sil ba zai yi mako ba.

Wani ya tambaya game da cire famfon da ke ba inji man 2T, wato man inji mai bugu biyu, a riƙa haɗa man da fetur a tanki. A Yamaha, wanda famfonsa Autolube ke zuba mai a mashigar fetur, yana yiwuwa: lita 4 na fetur, mililita 125 na man 2T, wato kashi 1 cikin 32. Man 2T na ce, ban ce baƙin man mota ba, shi ne ke toshe salansa da gawayi har babur ya rasa ƙarfin hawa tudu. Amma a Suzuki TS kada ku yi. Tsarinsu na CCI yana tura mai kai tsaye zuwa boris na karanshaf, in ka cire famfon ka bar shi a bushe.

Yanzu a miƙo mini abin zare maganeto. Mutum biyu su riƙe babur ɗin, mu buɗe gefen hagu mu ga abin da ke bayansa.