Ku Amsa Masa Tambayarsa Tukuna

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A makon nan wasu 'yan kanzagin siyasa a Katsina suka yi caa a Facebook kan wani ɗan jarida, wai ya tattara ya koma ƙasarsu. Mutumin haifaffen Maraɗi ne. Can ya fara aikin rediyo, ya ƙetaro ta Jibiya shekaru da dama da suka wuce, ya yi aure a nan, 'ya'yansa a nan suke karatu. Zaman majalisar ƙaramar hukuma da manyan 'yan jarida ke rainawa, shi yake zuwa ya zauna a bencin baya da 'yar rakodarsa. Laifinsa a wannan karon shi ne ya kwana a wani ɗakin shan magani na ƙauye, ya ga ana karɓar haihuwa da tocilan waya, ya ga kabad ɗin magani babu komai sai kwalayen da aka riga aka zazzage. Da gari ya waye ya tambayi hukuma: kuɗin lafiyar da aka rubuta a kasafi, ina suka shiga?

Har yanzu babu wanda ya ce ƙarya ya yi. Babu wanda ya fito da rasit. Abin da muka ji kawai shi ne "ai ba ɗan ƙasa ba ne". To, an ji, ba ɗan ƙasa ba ne. Ina maganin?

Wannan shi ake kira an bar jaki ana dukan taiki. Kuma ko maganar baƙuncin ma, a yi ta da kunya. Su wa suka kafa Maraɗi? Sarakunan Haɓen Katsina ne da suka yi arewa bayan jihadi, shi ya sa har gobe ake cewa Katsinar Maraɗi. Jirgin ƙasan da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zai bi ta Katsina da Jibiya ya tsaya Maraɗi. Ranar kasuwa muna cin ribar juna, ranar tambaya kuma ya zama bare? Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowane mutum 'yancin faɗar albarkacin bakinsa, bai ce sai mai takardar shaidar ƙaramar hukuma ba.

Masu cewa yana tona mana asiri a idon duniya, wane asiri ya rage? Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 suka rasu sanadiyyar tamowa a cibiyoyinta na jihar nan cikin wata shida na farkon 2025. Ku je ku ga yadda malamar asibiti ke zagaya ɗan tef ɗin awo a damtsen yaro, ya tsaya a kan ja, uwar ta sunkuyar da kai don ta san ma'anarsa. Ita wannan uwa ba ta tambayi mai rakoda garinsu ba.

Ban ce duk abin da ɗan jarida ya kawo wahayi ne ba. Idan ya yi ƙari, akwai hanyar ƙaryata shi, akwai kotu. Amma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, mu kuma muna da guda 34. Ko kuɗin na isowa ko ana tare su a hanya, wajibi ne shugaba ya faɗa wa jama'arsa. Mu 'yan gida da yawanmu mun yi shiru, saboda ciyaman ɗin ko abokin wasa ne ko suruki, ko kuma ana jiran ambulan bayan taro. Wanda ba shi da wannan nauyin ya tambaya, sai mu taya a kore shi?

Ranka ya daɗe, ciyaman, makirufo ɗinmu a buɗe yake. Ka zo da takardun sayen maganin da sunan ɗan kwangilar, mu karanta wa jama'a.